Kwalayen Kaset Daga Bauchi Road: Inda Aiki Ya Kwana

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Kwalayen sun iso gida da yamma. Huɗu ne, irin na sabulu, an ɗaure su da robar tayar keke. Kayan wani shagon hayar kaset ɗin bidiyo ne da ke wajen Bauchi Road a nan Jos, wanda ya rufe tun lokacin da faifan CD ya kori kaset daga kasuwa. Mai shagon ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ɗansa ne ya neme ni, ya ce za su gyara ɗakin su zuba 'yan haya, in ban zo da wuri ba 'yan gwangwan za su kwashe. Da na yi maganar kuɗi sai ya ce, "Haba Yaya, ai taimakonmu ka yi. Ka dai ba yaran da suka ɗauko na shayi."

Ga yadda na tsara aikin. Kowane kaset zai samu lamba a jikinsa da kuma a littafi, tare da abin da aka rubuta a kwalinsa, sunan kamfani da lambar waya in akwai, da halin da zarensa yake ciki. Daga nan sai shara, sai juyewa zuwa kwamfuta. Babu wanda zai shiga bidiyo, wato na'urar kunna kaset, sai na haska zarensa da tocila ta 'yar tagar nan ta gaba.

A duban farko, kusan rabi na Indiya ne, sai na Chana, sai na Hausa, sai tarin waɗanda ba rubutu ko kaɗan. Abokai har sun fara tambaya ko akwai Turmin Danya a ciki, wanda 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka yi a Kano a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Babu shi. Da akwai da na yi murna, amma ba shi ya sa na karɓi kwalayen ba. Fim ɗin da ya yi suna yana da masu tunawa da shi, mujallu sun yi rubutu a kansa, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai sun buga sun sake bugawa. Wanda nake bi shi ne wanda aka buga 'yan kwafi kaɗan, ya ɗan kwana biyu a kan kanta ba mai tambayarsa, furodusan ya tafka asara ya koma sayar da atamfa. Irin wannan in kwafinsa na ƙarshe ya shiga buhun ɗan gwangwan, shi ke nan.

Lahadi, 26 ga Janairu

Bidiyon da zan yi aiki da ita ta dawo daga wajen Baba mai gyara a Dilimi. Ya canza mata bel biyu da 'yar tayar robar nan da ke matse zare, duk daga jikin wata matacciyar bidiyo ya ciro su. Babu wata hanyar. Kamfanin JVC ne ya fito da kaset ɗin VHS a 1976, kuma Funai, kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar, ya daina a 2016. Duk wadda ke aiki yau da kayan 'yar'uwarta take rayuwa.

Na tambaye shi ko da auduga da sifirit zan riƙa goge mata kai. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Auduga kuma, ɗana? So kake ka dawo min da ita gobe? Zo ka gani."

Ya yago 'yar farar takarda, ya ɗiga mata sifirit, ya ɗora ta a jikin gangar nan mai sheƙi da ke juyawa, ya danna da ɗan yatsa ba da ƙarfi ba, sannan ya riƙa juya gangar da ɗaya hannun. Takardar ta fito da baƙin layi biyu. Ya ce kawunan da ke karanta hoto 'yan mitsi-mitsi ne a gefen gangar, zaren auduga yana maƙale musu ya fizge su, kuma duk wanda ya goga sama da ƙasa ya karya su. A kwance ake gogawa, a bar sifirit ya bushe kafin a sa kaset. Ya ƙara da cewa in rufe ta da zane duk lokacin da ba ta aiki, saboda ƙurar hunturun bana ba ta wasa ba ce.

Ɗaya ɓangaren kuma ya kammala: 'yar na'urar da ke karɓar hoto daga bidiyo ta miƙa wa kwamfuta ta USB. Kaset ɗinmu tsarin PAL ne, hoto 25 a daƙiƙa, don haka a kan girman hoto na ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye nake ɗauka. Juyewa ba ta da gajeriyar hanya. Kaset mai E-180 awa uku ne, kuma awa ukun za ka zauna, in an ɗauke wuta a tsakiya ka tariyo ka faro daga farko. Na haɗa komai a kan batir saboda haka.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Lamba 37. Tun Laraba nake cikinsa.

Rabin kwalinsa ne ya tsira, ɓangaren baya, kuma abin da ake iya karantawa kawai lambar waya ce da ta fara da 073, wato ta tarhon Jos. Ɗan murfin nan da ake karyawa don kada a yi rikodin a kan kaset an karya shi, amma wani ya liƙe ramin da salatif ya ɗauki wasan ƙwallo daga talabijin a kan mintocin farko. Sunan fim da sunan kamfani duk sun tafi ƙarƙashin ƙwallo. Sai hoto ya yi rawa, layuka suka gudu, kawai ga wata dattijuwa tana yi wa yarinya faɗa a tsakar gida. A ƙarshe kuma aka rubuta "mu haɗu a kashi na biyu", ba sunan kowa.

Labarin dai ba abin a-zo-a-gani ba ne. Saurayi na son yarinya, baffanta ya ƙi, ga mai kuɗi ya fito. Waƙa biyu da fiyano, murya na gaba baki na baya. A wani wurin har inuwar mai riƙe da makirfo ta fito a bango.

Amma a minti na 41 saurayin ya tsaya jiran abokinsa a gaban babbar kasuwar Terminus, ginin nan a tsaye cif, kafin gobarar Fabrairun 2002. Da alama darakta ya manta ya ce a yanke, ko kuma so yake fim ya ƙara tsawo, don kyamarar ta yi ta aiki kusan minti uku ba abin da jarumin ke yi sai duba agogo. Bayansa kuwa gari ne ke wucewa. Wata mata da faranti cike da dankalin Turawa ta tsaya ta leƙa kyamara, ta gyara gyalenta, ta wuce. Yaran mota na ta kiran Bukuru, Bukuru. Mai rake na feraye wa wani ɗan sanda guda. Wani yaro da rigar makaranta ya zo ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa, yana ƙoƙarin kada ya yi dariya. 'Yan acaɓa sun yi layi a bakin titi. Na tsayar da hoton na ƙirga allunan shaguna da ake iya karantawa, har da na wani mai ɗinkin takalmi da mahaifinmu ke kai mu wajensa gab da sallah.

Manyan finafinai ba su cika ba ka irin wannan ba. Mai kuɗi yana aron gidan alfarma a Rayfield, ya sa a kori 'yan kallo, ya rufe ƙofa. Wanda ba shi da ko sisi a titi yake ɗauka, da mutanen da Allah ya kawo, da hayaniyarsu. Talaucinsa ne ya ajiye mana garin. Ko Palaver, fim ɗin da ba magana da Geoffrey Barkas ya ɗauka a wannan tsauni na Filato a 1926, wanda labarinsa na rikicin jami'in mulkin mallaka ne da wani Bature mai haƙar kuza, ni abin da ke riƙe ni a cikinsa shi ne duwatsu da ƙauyuka da mutanen da aka jera a bayan Turawan.

Na ajiye kwafin lamba 37 a rumbun kwamfuta biyu daban-daban, ɗaya a nan, ɗaya a gidan ƙanwata a Farin Gada.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama, aiki ya ja baya. Bayan asham ina ɗan yin rubutun lambobi, juyewa kuwa sai bayan sallah. Kwali na biyu duk na Chana ne, yawancinsu kwafin kwafi, fuskoki sun narke, launi ya koma ruwan ƙasa. Kowane juyi daga kaset zuwa kaset yana cin wani abu daga hoton, waɗannan kuwa sun sha juyi. Na rubuta su na mayar kwali.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na kai wa Kawu jerin na Indiya a Gangare, don shi ne malamin wannan fanni. Tun yana saurayi bai bar silimar Kwararafa da Rex sun huta ba, kuma har yau akwai durowa a ɗakinsa da ko Inna ba ta taɓa mabuɗinta. Matsalar kaset ɗin Indiyan shagon nan ita ce yawancinsu ba sunan asali a jiki, sai laƙabin da 'yan kallo suka sa wa fim ɗin, an rubuta da biro. Na ɗauko masa sautin farkon waƙa ɗaya-ɗaya a waya. Kafin mawaƙiya ta buɗe baki ya faɗi fim, ya faɗi jarumi, ya faɗi silimar da ya gan shi da wanda suka je tare. Guda biyu kawai suka gagare shi, kuma a kansu ne idonsa ya yi haske.

"Waɗannan biyun ka kawo min su."

"Kawu, ai zan juye maka a waya, har ma ya fi kyau."

"Wa ya ce maka waya nake so? Kaset ɗin za ka kawo. Abin da ke cikin wayar kowa ai ba ajiya ba ne."

Nan muka daɗe. Shi a wajensa daɗin abin shi ne a ce duk Jos shi kaɗai ke da shi. Fim ɗin da ya yi tashe ba ya burge shi, ya ce wannan ko yaro ya san shi. Wanda yake so shi ne wanda aka nuna dare ɗaya aka sauke saboda mutane sun fice, shi kuma ya zauna har ƙarshe, ya riƙe wata waƙa a ka shekara arba'in bai sake jin ta ba. Ya ce ranar da ya samu kaset ɗin wani irin wannan a hannun wani mai shayi a Zariya, bai iya cin abincin dare ba.

Ban raina wannan ba, don ni ma na san bugun zuciyar da ake ji in an buɗe kwali. Inda muka rabu shi ne durowar. Na ce masa zaren kaset ba ya jiran mai shi, ko an kalla ko ba a kalla ba yana lalacewa, kuma ranar da ba ya nan 'ya'yansa za su yi abin da ɗan mai shagon Bauchi Road ya kusa yi. Ya yi shiru, ya ce in sha shayina. Da zan tafi ya ce in ina so in juye nasa, to in ɗauko kayan aikina in zo ɗakinsa, kaset ɗinsa ba ya kwana a waje, kuma ba a sa shi a intanet yana raye. Na ce na ji na yarda. Na Indiyan ma dama ba su ne damuwata ba, akwai masu su a ƙasarsu. Amma na hango wasu na Hausa a layin ƙasa na durowar.

Asabar, 17 ga Mayu

Damina ta sauka, ga fumfuna. Kwali na huɗu, wanda ya zauna a ƙasa a shagon, kusan kashi ɗaya cikin uku na kaset ɗinsa sun yi farin gari a gefen zare. Irin wannan ba a sa shi a bidiyo, don zai toshe kai kuma ya shafa wa na bayansa. Na ware su a leda daban da 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi. Baba ya ba ni wata tsohuwar bidiyo da ba ta nuna hoto amma tana tariya, da ita nake bi da zaren a hankali ina gogewa, a waje, da takunkumi a hanci. Wanda gidansa ya fashe kuwa sai in kwance sukurori biyar ɗin, in ɗauke faifan zaren biyu in mayar cikin gidan wani. Sanyin Jos yana taimako, garin ya haura mita 1,200 a sama da teku, amma laimar Yuli da Agusta ba ta ƙyale komai.

Wani maƙwabci da ya ji abin da nake yi ya kawo min gwangwani mai faɗi, ya ce na mahaifinsa ne da ya yi aiki da motar majigi a zamanin Jihar Arewa. Fim ne na zare mai milimita 16. Ina ɗaga murfin wani tsami irin na ruwan khal ya buge ni, alamar zaren ya fara cin kansa ke nan, kuma gefensa har ya fara lanƙwashewa. Na rufe na ce masa wannan ya fi ƙarfina. Na ce ya nufi Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979 kuma hedikwatarta na nan Jos, tana da ma'ajiyar tsofaffin finafinai da sauti. Ya ce shi tsoronsa kada a ce shara ya kawo. Sai na ba shi labarin Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa. An daɗe ana ɗaukar ya ɓata, sai a 2016 aka gano zarensa cikin tarin gwangwanaye a tsohon ginin sashen finafinai na zamanin Turawa a Legas, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Na ce masa kafin a buɗe wancan gwangwanin shi ma kamar nasa yake. Ya ce zai je ranar Litinin.

Abin da ke damuna shi ne na zare yana da masu nemansa har daga Jamus, kaset ɗin bidiyo na Hausa kuwa mutane da yawa ba su ma ɗauke shi abin ajiyewa ba. Faya-fayan VCD da suka biyo bayansa ma ba su fi shi ƙarko ba. Girman hotonsu ɗigo 352 da 288 ne kawai, kuma masu arhar nan bayansu na ɓarewa.

Asabar, 21 ga Yuni

Na koma kan lamba 37 don in san shekararsa. Wurin kai kuɗin aure ne ya taimaka. Da na tsayar da hoton a inda waliyyi ke ƙirga kuɗi a kan tabarma, ga 'yan hamsin-hamsin, ga kuma takardar naira 100 mai hoton Awolowo, wadda ta fito a Disambar 1999. To fim ɗin bai riga wannan ba, kuma bai wuce Fabrairun 2002 ba tunda kasuwa na tsaye. Ban ga 'yar 200 mai hoton Sardauna ba, wadda ta zo a Nuwambar 2000, balle 'yar 500 ta Afrilun 2001, alhali mai kuɗin fim ɗin an so a nuna shi hamshaƙi ne, da akwai su da su za a ba shi. Babu mai riƙe da wayar hannu, a kwali ma lambar tarho ce kawai, GSM kuwa a Agustan 2001 ta shigo. A littafi na rubuta: wajen shekarar 2000.

Bayan sallar layya na kunna wa Inna da ƙawayenta biyu shi a falo. Ba su kula da kasuwar ba sam. Dattijuwar farkon fim ɗin suka kama.

"Ke, wannan ba matar nan ta Rikkos ba ce mai yin alkaki?"

"Ita ce mana, ji muryar. Ashe ta yi fim!"

Suka ce ta bar garin bayan rikicin Satumban 2001, ta koma Bauchi wajen ɗanta. Ɗaya daga cikinsu, Hajiya, ta ce tana da lambar wata jikarta, in ba ta kwana biyu ta nemo min. Sun sa na tariyo wurin faɗan har suka haddace shi, suna ta dariya.

Asabar, 9 ga Agusta

Dattijuwar tana nan da ranta. Mun yi waya, jikarta na riƙe mata. Ta ce yaran unguwa ne suka roƙe ta ta fito uwa, a gidanta ma aka ɗauka, kuma ladanta turmin atamfa ne. Ba ta taɓa ganin fim ɗin ba. Ta faɗa min sunansa, ta kuma haɗa ni da ƙanin furodusan, wanda ke sayar da kayan gini a Katako. Shi kuma da na je ya faɗi wani suna daban, ya rantse a kai. Ba zan rubuta ko ɗaya a littafi ba sai na gani da idona a jikin kaset.

Yayan nasa ya rasu. Masta, wato kaset ɗin asali da ake buga kwafi daga jikinsa, da sauran kaset ɗin ɗauka sun salwanta a ƙaurar da suka yi daga wata unguwa zuwa wata. Kashi na biyu kuwa, ya ce an ɗauka har an tace, amma bai taɓa shiga kasuwa ba, don na ɗaya bai mayar da ko kuɗin kwali ba. Sai dai ya tuna an sa tallarsa a farkon wani fim na abokin yayansa, da suna da komai. Wane fim ne, ya ce wallahi ya manta.

Na tambaye shi batun sa shi a YouTube. Ya ce shi ba shi da matsala, amma yarinyar da ta fito jaruma yanzu matar aure ce da 'ya'ya manya, kuma akwai waƙa a ciki. Ya ce zai sa matarsa ta tuntuɓe ta. In ta ƙi, minti ukun kasuwar kawai zan fitar, don ba ta ciki, sauran ya zauna a rumbu. Kwafin dattijuwar dai na riga na ba direban da ke zuwa Bauchi.

Yanzu aiki ya canza salo. Duk kaset ɗin Hausa da na riga na juye sai na koma farkonsa na bi tallace-tallacen ɗaya bayan ɗaya, in rubuta sunan kowane fim da aka tallata, don a nan ma na fara cin karo da sunayen da ban taɓa ji ba. Masu fumfuna saura kusan rabi ban goge ba. Bel ɗin bidiyon tariya ya fara santsi, sai na koma Dilimi. Kawu kuma ya aiko cewa in zo ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar, in taho da batirina, shi ba zai ƙona man janaretansa a kan aikina ba.